Ƙadangaren Goronyo da gardamar masana duwatsu

Wanda ya bi hanyar Wurno zuwa Goronyo da bazara, ƙura na cika masa ido, da wuya ya yarda cewa a gindin tsohon teku yake tafiya. Amma haka abin yake. Kimanin shekaru miliyan 70 da suka wuce, wani reshen teku ya ratso Sahara ya malale wannan yanki. Laka da yashin da suka kwanta a lokacin su ne shimfiɗun dutsen da masana suka raɗa wa sunayen garuruwanmu: Taloka a ƙasa, Dukamaje a tsakiya, Wurno a sama.

A shimfiɗar Dukamaje aka tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren ruwa mai cin nama. Swinton, masani daga Landan, ya fara bayaninsa a 1930. A 1972 masanan birnin Firenze na Italiya, su Azzaroli, suka ga ya bambanta da sauran danginsa, suka sa masa Goronyosaurus, wato ƙadangaren Goronyo.

Sai ka hau sama, zuwa shimfiɗar Dange da farin dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi a Sakkwato. Kifaye na nan, kadoji na nan. Ƙadangaren kuwa ko sama ko ƙasa. Kuma ba a nan kaɗai ba, duk duniya danginsa suka ɓace shekaru miliyan 66 da suka wuce, tare da kusan kashi 75 cikin 100 na nau'o'in halittu.

A kan irin wannan giɓi aka yi fiye da ƙarni ɗaya da rabi ana ja-in-ja. Georges Cuvier na Faransa, wanda a 1808 ya tabbatar cewa ƙasusuwan wani ɗan'uwan dabbar nan da aka tono a Holan na ƙadangaren teku ne, ya ce bala'o'i ne ke aukuwa farat ɗaya su share halittu. Charles Lyell na Birtaniya ya fito a 1830 ya ce a'a, sannu a hankali ƙasa ke sauyawa, kamar yadda gulbin Rima ke cin gaɓarsa kowace damina. Lyell ya yi rinjaye, har aka koma yi wa mai maganar bala'i kallon mai tatsuniya.

A 1980 Luis Alvarez da ɗansa Walter suka bayyana cewa sun sami ƙarfen iridiyam fiye da kima a wani siririn layin laka a Gubbio ta Italiya, alamar faɗowar dutse daga sararin samaniya a lokacin da halittun suka ɓace. A 1991 aka nuna ramin da dutsen ya bari, Chicxulub a Meziko, mai faɗin kilomita kusan 180. Har yau wasu, irin su Gerta Keller, na ɗora laifin a kan aman wutar Deccan ta Indiya.

A ganina tuddan Goronyo sun ba kowa rabonsa. Lyell ya yi gaskiya kan yadda lakar ta taru, Cuvier kuma kan yadda mazaunanta suka ƙare. Abin da ke ci mini rai daban ne: ƙoƙon kan dabbar da ke ɗauke da sunan Goronyo yana Firenze, yaran garin kuwa suna wuce tuddan da aka tono shi kullum ba tare da wani ya taɓa ba su labarinsa ba.