Hanyoyin Neman Sauƙi Ga Wanda Biyan Bashin Gida Ya Gagara

Wannan bayani an tanade shi ne domin mazauna ƙananan hukumomin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi waɗanda suka jinginar da gidajensu, tare da hakimai da dagatai da jami'an filaye da ake kai wa irin waɗannan koke-koke. Rashin tsaro ya hana mutane da dama zuwa gona, an rufe kasuwannin mako da layukan waya a jihar na wani lokaci a shekarar 2021, sannan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara tsadar rayuwa. Saboda haka mutum mai amana ma yana iya kasa biya. Abin da ya fi jawo asarar gida shi ne yin shiru da ɓuya har wa'adi ya wuce.

Bashin banki

Akasarin masu bashin gida na banki a wannan yanki ma'aikata ne, kamar malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda. Da yawansu sun ci bashin ne daga Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, wanda aka kafa da Doka ta 3 ta 1992, kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, wato FMBN, yake kula da shi. Ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci a zuba a asusun. Ruwan bashin kashi 6 ne cikin ɗari a shekara, wa'adin biya kuma yana iya kaiwa shekara 30. Galibi kuɗin yana biyowa ne ta hannun wani bankin lamunin gidaje, kuma shi ne wanda mai bashi zai fara tuntuɓa.

Da zarar mutum ya hango ba zai iya biyan wata mai zuwa ba, ya kamata ya rubuta wa bankin takarda, ya bayyana dalili, ya haɗa da shaida: takardar albashi, ko ta asibiti, ko ta hakimi da ke tabbatar da cewa an tashi ƙauyensu. Ya riƙe kofe ɗaya mai hatimin banki da kwanan wata. Maganar baka da wani ma'aikaci a bakin kanta ba ta zama hujja a gaba.

A cikin takardar yana iya neman a ɗaga masa biya na 'yan watanni, ko a yafe tarar jinkiri, ko a tsawaita wa'adi. Tilas ba ta kan banki ya amince, amma sayar da gida a garin da masu saye suka yi ƙaranci ba riba ba ce gare shi, don haka sau da yawa yakan saurara. Sai dai a yi lissafi tukuna. Misali, wanda ya rage masa naira 3,000,000 a kan ruwan kashi 6, idan zai biya cikin shekara 10, zai riƙa ba da kimanin naira 33,300 a wata. Idan aka mayar da shi shekara 20, biyan wata zai sauko zuwa kimanin naira 21,500, amma jimillar abin da zai biya za ta tashi daga kusan naira miliyan 4 zuwa sama da miliyan 5. Kusantar ritaya ma takan taƙaita tsawon da za a iya ƙara wa mutum.

Ma'aikaci ya kuma nemi cikakken bayanin asusunsa. Yakan faru a cire kuɗi daga albashi amma ba su isa banki a kan lokaci ba, sai a rubuta wa mutum jinkirin da ba nasa ba. Haka nan, sauya banki ba mafita ba ce: tun 1 ga Agustan 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna damar cire bashin da aka ƙi biya daga asusun mutum na wasu bankuna ta hanyar lambar BVN, muddin ya sa hannu a kan wannan sharaɗi lokacin karɓar bashin.

Idan magana ta kai ga sayarwa

Banki ba ya wayar gari ya sa gida a kasuwa. Tsohuwar dokar Ingila ta 1881 da jihohin Arewa suka gada ta tanadi wata uku bayan takardar neman biya, amma yawancin yarjejeniyoyin jingina suna rage wannan wa'adi, don haka a karanta abin da aka sa wa hannu, ko a sami mai karantawa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta shardanta amincewar Gwamna kafin a jinginar da filin da ke da takardar mallaka ta jiha, da amincewar ƙaramar hukuma ga filin da ake riƙe da shi bisa al'ada. Idan an sayar, abin da ya saura bayan an cire bashi da kuɗin ɗawainiya haƙƙin mai gida ne. Sau da yawa ya fi alheri mai gida ya nemi izinin banki ya samo mai saye da kansa, domin gwanjo ba kasafai yake kawo farashin kirki ba.

Wanda yake ganin an zalunce shi a lissafi zai fara kai kuka ga bankin a rubuce. Idan bankin bai warware ba, sai ya rubuta wa Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Bankin Nijeriya. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da Hukumar Ba da Agajin Shari'a, dukkansu suna da ofis a Gusau, kuma ba a biyan kuɗi don shigar da koke.

Jingina tsakanin mutane

Wannan ita ce ta fi yawa a karkara, kuma ita ce ta fi kawo rigima, musamman yanzu da wasu ke jinginar da gida ko gona cikin gaggawa don magani ko don kuɓutar da ɗan'uwa daga hannun 'yan bindiga. A mazhabar Malikiyya, abin da aka jinginar yana nan mallakin mai shi. Sharaɗin cewa idan rana kaza ta wuce gida ya zama na mai bin bashi ɓatacce ne, ko da an rubuta shi gaban shaidu. Abin da ake yi shi ne a kai magana gaban alƙali, a ba mai bashi lokaci, idan ya gagara a yi wa gidan kuɗi a sayar, a biya bashi, a mayar masa da ragowa. Malamai sun kuma hana mai ba da rance ya shardanta cin amfanin gida ko gonar da aka jinginar masa a kan rancen, domin yin haka riba ce. Dagatai da masu unguwanni da ake kira shaida su lura da wannan kafin su sa hannu, kuma su tabbatar an rubuta adadin kuɗi da wa'adi da iyakokin gida.

Zakka da gado

Wanda bashin halal ya yi wa katutu yana cikin mutane takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata a matsayin masu cin zakka. Yana iya gabatar da buƙatarsa ga Hukumar Zakka da Wakafi ta Jihar Zamfara ta hannun hakiminsa. Masu nema suna da yawa, abin rabawa kuma kaɗan ne, don haka kada a dakatar da tattaunawa da mai bin bashi ana jiran amsar hukumar.

Idan mai bashin ya rasu, magada su sanar da banki a rubuce tare da takardar shaidar mutuwa, su tambaya ko akwai inshorar rai a kan bashin, domin bashin NHF yakan zo da ita, kuma tana iya biyan abin da ya rage. Su kuma nemi a mayar musu da gudummawar da mamacin ya tara a asusun. Ba a raba gidan gado sai an warware bashin da ke kansa.