Babbar Majami'ar Barselona da farfajiyarta mai shekaru fiye da 570

Mafi yawan baƙin da ke zuwa Barselona a ƙasar Sifaniya sun fi sanin cocin Sagrada Família, amma ba ita ce babbar majami'ar birnin ba. Wannan matsayi na Majami'ar Gicciye Mai Tsarki da Santa Eulaliya ne, wadda ke tsakiyar tsohuwar unguwar birnin, kuma ita ce mazaunin Akbishop na ɗariƙar Katolika.

Wurin ya daɗe yana ɗauke da coci. Rundunar Al-Mansur, shugaban yaƙin Andalus, ta yi wa ta farko ɓarna a shekarar 985, aka keɓe wata sabuwa a 1058. Ginin da ke tsaye yanzu an fara shi ne a 1298, zamanin Sarki Jaume na Biyu, sai dai fuskarsa da doguwar hasumiyar tsakiya ba a kammala su ba sai 1913.

Abin da ya fi jan hankali shi ne farfajiyar da aka gama a 1448: tsakar gida ce mai itatuwa da maɓuɓɓugar ruwa, baranda ta dutse ta kewaye ta. A nan ake kiwon fararen dinya 13, tsuntsaye masu kama da agwagwa amma sun fi ta girma. Bisa ga riwayar cocin, adadin na nuni da shekarun Eulaliya, yarinyar da Rumawa suka kashe saboda addininta a farkon ƙarni na 4. Kabarinta na ɗakin ƙarƙashin ƙasa, a gindin babban bagade.

Duk wanda ya dubi daɓen barandar zai ga duwatsun kaburbura da aka sassaƙa wa hoton almakashi ko takalmi. Alamomi ne na ƙungiyoyin teloli da maɗinka takalma, waɗanda suka binne 'yan uwansu a nan. Wato ba sarakuna da limamai kaɗai suka bar tambarinsu a majami'ar ba, har da masu sana'ar hannu.

Har yau wurin ibada ne. Masu yawon buɗe ido na biyan kuɗin shiga, kuma ana buƙatar tufafin da suka rufe kafaɗu da gwiwoyi. Akwai na'urar hawa zuwa rufin ginin, inda ake hango tsohon birnin har zuwa teku.