Hadaya ta Sha: Wa Yake Shanta?



Mukan karanta "hadaya ta sha" cikin Littafi Mai Tsarki, sai waɗansunmu su zaci wani abu ne da ake sha a Haikali. Har mun ji masu son burukutu suna kafa hujja da ita. To, bari mu bi kalmar zuwa tushenta.

"Hadaya" dai daga Larabci muka aro ta, ma'anarta kyautai. Da Ibrananci kuwa sunan wannan hadaya "nesek", daga "nasak", wato zubawa. Babu zancen sha a cikin sunan ko kaɗan.

A Farawa 35 muka fara gamuwa da ita, sa'ad da Yakubu ya kafa dutse a Betel ya zuba ta a kansa. Daga baya Shari'a ta yanka mata ma'auni, a Littafin Ƙidaya 15. Ma'auninsu na ruwa shi ne hin. Ɗan rago yana tafiya da rubu'in hin na ruwan inabi, kusan lita ɗaya ke nan, rago da sulusi, bijimi da rabi. Ku lura, rakiya take yi wa babbar hadaya. Firist yakan sami rabonsa na nama da na gari daga waɗansu hadayu, amma wannan akan tsiyaye ta duka. Abin da ya zube kuwa ba ya kwasuwa.

Maƙwabtan Isra'ila ma suna zuba wa allolinsu, kamar yadda kakanninmu suka zuba giya a gindin itace. Bayan faɗuwar Urushalima a shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, Irmiya ya tsauta wa Yahudawan da suka gudu Masar domin suna zuba wa sarauniyar sama. Laifinsu shi ne wadda suka zuba wa.

Helenawa kuma suna cewa "spendo". Da yake sukan zuba ruwan inabi in za su ƙulla sulhu, daga wannan kalma suka sami sunan yarjejeniyar sulhu kanta. Ita ce Bulus ya ɗauka yana kurkuku, cikin Filibiyawa 2. A lissafinsa bangaskiyar Filibiyawa ita ce babbar hadaya a kan bagade, ransa kuwa ɗan ruwan inabin nan ne da ake ƙarawa a kai. Manzo guda, wanda ya kafa ikilisiyar da kansa, ya mai da kansa ɗan rakiya! Mu masu wa'azi, wannan ayar tana ba mu kunya.

A Filibiyawa, da "ko da" ya yi maganar. A 2 Timoti 4 ya ce an riga an fara tsiyayewa. Tarihin ikilisiya ya gaya mana an fille kansa a Roma a zamanin Sarki Nero, wanda ya yi mulki daga shekara ta 54 zuwa 68.