Gadar Jabba da Abin da Ta Jawo wa Yawuri

Tun kafin Turawa su auna faɗin kogin Kwara da nufin ɗora mata ƙarfe, ƙasar Yawuri tana cikin mashigan fataken Gwanja, inda madugai kan sauke ayari a bakin ruwa, su biya kuɗin fito, Gungawa ma'abota jirage su haye da su da jakunansu, Sarki kuma ya karɓi nasa rabo. Abin da ya girgiza wannan tijara kuwa can ƙasa da Busa aka gina shi, a Jabba.

Da layin dogo ya taso daga Ikko, ya ratsa Badun da Ilori, ya iso Jabba a 1909, sai kogin ya tsare shi, har ya zama tilas a riƙa ɗora taragu bisa jirgin ruwa ana ƙetarar da su, aiki mai tsananin wahala da jinkiri, alhali tun 1911 dogon da ya taso daga Baro ya shiga Kano. Hikimar injiniyoyin, wadda a ganina ta cancanci yabo, ita ce da suka zaɓi wurin da tsibiri ya raba ruwan gida biyu, suka mai da tsibirin kamar ginshiƙin da Allah Ya riga Ya kafa musu, suka yi gada biyu maimakon guda: ta reshen arewa ta fara ƙarewa, ta kudu kuwa, da yake aikinta ya fi tsanani, ba ta kammala ba sai 1916, ana tsakiyar yaƙin duniya. Layi ɗaya aka shimfiɗa mata, daga baya motoci suka yi shekaru suna tarayya da jirgin ƙasa a kanta, kowa na jiran lokacinsa.

Sannu a hankali goro ya koma bin teku zuwa Ikko, ya hau jirgin ƙasa zuwa Kano, gyaɗa ta gangaro ta kan gadar, ayarin jakuna ya yi ta raguwa, mafitan Yawuri suka rasa manyan baƙinsu.

Madatsar Kainji ta 1968 ta zo da hanyar mota bisa kanta, amma tafkin ya cinye tsibiran Gungawa, ya ƙara wa ruwan faɗi. Har yau mutanen Ngaski, a ƙasar Yawuri, da jirgin katako suke cin kasuwa, kuma a watan Mayu na 2021 ɗaya ya nitse kusa da Wara da mutane fiye da ɗari. Allah Ya jiƙansu da rahama.