Tiyatar Haihuwa ga Mata Masu Matsananciyar Ƙiba

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, yawancin matan da aka tsaga cikinsu don ciro jariri ba sa tashi, domin likitoci kan bar mahaifa ba ɗinki. Max Sänger na Jamus ne ya kafa al'adar ɗinke ta a 1882. A lokacin a tsaye ake yanka, daga cibiya zuwa mara.

Daga nan wuƙa ta riƙa sauka ƙasa. A 1900 Johannes Pfannenstiel ya bayyana yankan fata a kwance, dab da ƙashin mara. A 1926 Munro Kerr na Gilasgo ya yaɗa irin wannan yanka a ƙasan mahaifa kanta, inda jini bai cika zuba ba, tabon kuma ya fi juriya a ciki na gaba. Yawancin likitoci a kan waɗannan biyu suke har yau.

Sai ƙiba ta yawaita, musamman a Amurka da Birtaniya, tsohuwar tambayar inda za a yanka ta dawo. Macen da ma'aunin nauyi da tsayinta ya kai 40 ko fiye, sau da yawa teɓarta kan zubo ta rufe daidai wurin yankan. Ƙarƙashinta ga gumi ga ɗumi, iska ba ta shiga, ciwo kan yi saurin ruɓewa. Cibiya ma ba abin dogaro ba ce wajen gane wurin yanka, don nauyi ya ja ta ƙasa, sai likita ya lalubo ƙashi. Wasu kan ɗaga teɓar sama su ɗaure da filasta mai faɗi, amma hakan na iya danne numfashin uwar. Wasu kan yanka a saman cibiya. Illar wannan ita ce yakan tilasta tsaga mahaifa a tsaye, wanda ke nufin duk haihuwar gaba sai da aiki. Ba ƙaramin hukunci ba ne ga mai son ƙarin 'ya'ya.

Gardamar wurin yanka ba ta mutu ba. Ƙananan matakai ne suka fi samun karɓuwa: ɗinke kitsen ƙarƙashin fata idan kaurinsa ya kai santimita 2, ba da giram 3 na maganin sefazolin ga mai kilo 120 ko fiye, da allurar hana daskarewar jini bayan aiki. Na'urar tsotse ruwan ciwo kuwa, babban gwajin da aka wallafa a Amurka a 2020 bai nuna ta rage ruɓewa ba.