Malalar Mai da Gurɓatar Ruwan Sha a Ƙasar Ogoni: Nazari a kan Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda malalar mai da dattin ruwan da ke fitowa daga aikin haƙar mai suke lalata ruwan sha, inda ta ɗauki ƙasar Ogoni da ke Jihar Ribas a matsayin misali. An dogara da rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta fitar a 2011, da wasu binciken da suka biyo bayansa. Nazarin ya gano cewa ɓarnar da ta fi tsanani, ta kuma fi daɗewa, tana cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa ne, alhali aikin tsaftacewa ya fi karkata ga abin da ido ke gani a doron ƙasa. An ba da shawarar a mayar da ingancin ruwan rijiya ma'aunin da za a riƙa auna nasarar kowane aikin tsaftacewa da shi.

Muhimman kalmomi: malalar mai, ruwan ƙarƙashin ƙasa, benzin, Ogoni, Neja Delta.

1.0 Gabatarwa

An gano mai da za a iya sayarwa a Nijeriya a Oloibiri cikin 1956, sannan a Bomu da ke ƙasar Ogoni cikin 1958. Ƙasar Ogoni tana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,000, ta kuma ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Eleme, Gokana, Khana da Tai. Kamfanin Shell ya dakatar da haƙar mai a yankin a 1993, sakamakon gwagwarmayar ƙungiyar 'yan Ogoni ta MOSOP wadda Ken Saro-Wiwa ya jagoranta kafin a rataye shi a ranar 10 ga Nuwamba, 1995. Duk da haka manyan bututun da ke ɗauko mai daga wasu wurare sun ci gaba da ratsa yankin, tsofaffin rijiyoyin mai kuma aka bar su ba kulawa.

Wannan ya sa Ogoni ta dace da tambayar da maƙalar ke son amsawa: idan mai ya malala, ina yake zuwa, kuma har yaushe yake zama cikin ruwan da mutane ke sha?

2.0 Dabarun Bincike

Maƙalar nazari ce a kan bayanan da aka riga aka wallafa. Ginshiƙinta shi ne binciken UNEP, wanda aka yi cikin watanni 14. Masu binciken sun duba wurare fiye da 200, sun bi hanyar bututu mai tsawon kilomita 122, sun kuma gwada samfura fiye da 4,000, ciki har da ruwan rijiyoyin gwaji 142 da aka haƙa musamman domin aikin. An kwatanta sakamakon da ma'aunai biyu: na Hukumar Lafiya ta Duniya kan ruwan sha, da ƙa'idojin muhalli na masana'antar mai a Nijeriya, waɗanda aka fi sani da EGASPIN.

3.0 Abubuwan da ke Gurɓata Ruwan

3.1 Ɗanyen mai da tataccen mai

Mai ya fi ruwa rashin nauyi. Idan ya nutse cikin ƙasa yakan gangara har ya iske ruwan ƙarƙashin ƙasa, sai ya kwanta a kansa. Da damina ruwan yakan tashi, da rani ya sauka, man kuma yana binsa yana shafar ƙasar da ke tsakani, ta yadda kowace shekara ruwan sama ke sake wanko wani kaso zuwa ƙasa. Galibin man ba ya narkewa, amma wasu sinadaransa suna narkewa, kuma su ne mafiya haɗari. Benzin, wanda aka tabbatar yana haddasa sankarar jini, yana iya narkewa har kusan giram 1.8 a litar ruwa guda, alhali iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a ruwan sha maikirogiram 10 ce kacal a lita. Ke nan ɗan man da bai taka kara ya karya ba ya isa ya ɓata ruwan rijiyoyin unguwa guda.

3.2 Ruwan rijiyar mai da dattin haƙa

Rijiyar mai ba mai kaɗai take fitarwa ba. Tana fito da ruwan da ya daɗe a cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa, kuma yawansa na ƙaruwa yayin da rijiyar ke tsufa, har ya ninka man da ake samu. Wannan ruwa yana ɗauke da gishiri, da ragowar mai, da ƙarafa irin su bariyam, wani lokaci da radiyam mai fitar da tiriri, ga kuma magungunan da ake zubawa don hana tsatsa da raba mai da ruwa. Idan aka sake shi cikin rafi ko aka tara shi a ramin da ba a shimfiɗa wa kariya ba, yakan ƙara wa ruwa gishiri, ya rage iskar da kifi ke shaƙa. Hanyar da ta fi aminci ita ce a tace shi a mayar da shi cikin zurfin ƙasa inda ya fito. A Ogoni, tun da haƙa ta tsaya a 1993, malalar bututu da ta tsofaffin kayan aiki ce ta fi tasiri, amma a sassan Neja Delta da ake ci gaba da haƙa, wannan ruwa matsala ce ta kullum.

4.0 Sakamakon Bincike

4.1 Rijiyoyin sha

Abin da ya fi tayar da hankali an same shi ne a Nisisioken Ogale, cikin ƙaramar hukumar Eleme. A can an iske tataccen mai mai kaurin santimita 8 kwance a kan ruwan ƙarƙashin ƙasar da rijiyoyin garin ke ɗiba, benzin da ke cikin ruwan shan kuma ya ninka iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. An kuma gano sinadarin MTBE, wanda ba ya cikin ɗanyen mai, sai dai a zuba shi cikin fetur bayan tacewa. Wannan shaida ce da ta danganta gurɓatar da bututun tataccen mai da ya ratsa wurin.

Matsalar ba ta tsaya a Ogale ba. An samu sinadaran mai a rijiyoyi 28 cikin garuruwa 10, kuma a bakwai daga cikinsu adadin ya ninka ma'aunin ruwan sha na Nijeriya, wato maikirogiram 3 a lita, aƙalla sau 1,000. A lokacin binciken, mazauna da dama sun san ruwan ya ɓaci, suna jin warin mai a cikinsa, amma suna sha saboda ba su da wani.

4.2 Zurfin gurɓatar da daɗewarta

Daga wurare 69 da aka yi wa bincike mai zurfi, a 49 an samu mai ya nutse aƙalla mita 5 cikin ƙasa, a 41 kuma gurɓatar ruwan ƙarƙashin ƙasa ta wuce iyakar EGASPIN. A Ejama-Ebubu an tarar da gurɓata mai tsanani shekara 40 bayan malalar, duk da yunƙurin tsaftacewa da aka sha yi.

4.3 Koguna da rafuka

A Bodo, cikin Gokana, bututun Trans-Niger ya fashe sau biyu a 2008, malala ta biyu ta kai har farkon 2009. Tashi da saukar ruwan teku sun watsa man cikin rafuka, ya lulluɓe saiwoyin itatuwan mangurob inda kifi da jatan lande ke hayayyafa. A Janairun 2015 Shell ya amince ya biya fam miliyan 55 ga al'ummar Bodo da mutane kimanin 15,600 da abin ya shafa, galibinsu masunta.

5.0 Tattaunawa

Abubuwa uku ne suka haɗu suka sa gurɓatar ta yi wannan zurfi. Na farko shi ne yanayin ƙasar. Yankin na samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa, ƙasar kuma mai yashi ce. Duk jinkirin da aka yi wajen kwashe mai, ruwan sama ne ke cin moriyarsa.

Na biyu shi ne hanyar tsaftacewa. Dabarar da aka daɗe ana amfani da ita, RENA, ta ƙunshi kaftar saman ƙasa da zuba taki domin ƙananan halittu su cinye man. An gina ta a kan zaton cewa akwai shimfiɗar yumɓu da ke hana mai nutsewa. Binciken UNEP ya nuna babu irin wannan shimfiɗa da ta game yankin, don haka akan gyara saman fili a ce an gama, man kuma yana ƙasa.

Na uku shi ne doka. EGASPIN ta tanadi ma'aunai biyu ga sinadaran mai a ruwan ƙarƙashin ƙasa: maikirogiram 600 a lita, inda dole a ɗauki mataki, da maikirogiram 50, inda ake son a kai. Hukumomin da ke sa ido, wato sashen albarkatun mai na lokacin da hukumar NOSDRA da aka kafa a 2006, sun saɓa wajen fassara su, lamarin da ya ba da damar a rufe aiki tun ba a kai ga ma'auni na biyu ba.

Akwai kuma jayayya kan musabbabin malala. Kamfanoni na ɗora laifi a kan masu fasa bututu da masu tace mai ta bayan fage, al'umma kuma na nuna tsufan bututu da rashin gyara. Dukansu suna faruwa, kuma jayayyar na da muhimmanci wajen biyan diyya. Ta fuskar ingancin ruwa kuwa, abin da ke yanke hukunci shi ne saurin toshe ɓula da zurfin kwashe man.

Dangane da lafiya, binciken Anna Bruederle da Roland Hodler na 2019 ya nuna cewa malalar da ta auku cikin tazarar kilomita 10 daga mazaunin uwa kafin ta ɗauki ciki tana ƙara mutuwar jarirai a watan farko da kimanin 38 cikin kowace haihuwa 1,000, wato kusan ninki biyu. Binciken bai ware kason ruwa daga na iska da abinci ba, amma ya nuna cewa illar na biyo bayan malalar da daɗewa.

6.0 Kammalawa da Shawarwari

UNEP ta ƙiyasta cewa farfaɗo da muhallin Ogoni zai ɗauki shekara 25 zuwa 30, ta kuma nemi a ware dala biliyan 1 domin shekaru biyar na farko. An ƙaddamar da aikin a Bodo a watan Yunin 2016, ƙarƙashin shirin HYPREP. A Jihar Bayelsa ma, kwamitin da John Sentamu ya shugabanta ya ƙiyasta a 2023 cewa gyara zai ci dala biliyan 12. Bisa abin da ya gabata, maƙalar na ba da waɗannan shawarwari:

Kada a ba da takardar kammala tsaftace wani fili sai an gwada ruwan ƙarƙashinsa a damina da rani, an kuma bayyana sakamakon ga jama'ar wurin.

A samar da ruwan famfo daga tushe mai tsafta ga duk garin da aka samu benzin a rijiyoyinsa, a kuma riƙa bibiyar lafiyar waɗanda suka sha ruwan.

A tilasta tace ruwan rijiyar mai da mayar da shi cikin ƙasa, a hana tara shi a buɗaɗɗun ramuka.

A sababbin wuraren mai, kamar Kolmani da ke iyakar Bauchi da Gombe, inda aka ƙaddamar da aiki a Nuwamban 2022, da Agadem a Nijar, inda ake haƙa tun 2011, jama'a da dabbobinsu sun dogara sosai da rijiya da burtsatse. Ya wajaba jami'o'in waɗannan yankuna da hukumomin ruwa su auna ingancin ruwan tun yanzu, su adana sakamakon, domin ba a iya tabbatar da ɓarna idan ba a san yadda ruwan yake tun farko ba.