Ƙaramin jirgi a sararin Maraɗi da littafin masu hasumiya

Manomin Gidan Rumji da ya ɗaga kai ya hangi ɗan jirgi mai farfela ɗaya ya doshi gabas, da wuya ya san cewa an rubuta wannan jirgi a littafi tun kafin ya bar Yamai. Da irin waɗannan ƙananan jirage ne mishan ɗin SIM ta daɗe tana jigilar likitoci tsakanin Yamai, Galmi da Maraɗi. Wanda ya zarce Damagaram kuwa, sararin Agye da Gazawa yake ratsawa.

Asalin littafin yana da nisa. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ce ta shimfiɗa ƙa'idojin zirga-zirgar sama ga duniya. Ranar 12 ga Disamba 1959, a birnin Saint-Louis na Senegal, Faransa da ƙasashen da ta mulka suka kafa hukumar ASECNA, kuma a 1963 aka buɗe makarantar EAMAC a Yamai, inda ake horar da masu kula da jirage na ƙasashe da dama. Sararin gundumomin nan uku yana hannun cibiyar Yamai. Da an ƙetara iyaka zuwa kudu sai a shiga hannun Kano, birnin da jirgi ya fara sauka a 1925.

Ƙidayar ba ta da wuya: tashi motsi ɗaya ne, sauka ma ɗaya. Mai koyon tuƙi da ya taɓa ƙasa ya sake tashi nan take, biyu ake rubuta masa. Jirgin da ya wuce bai sauka ba, shafinsa daban.

Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda aikin ya ginu a kan amana. Shekaru da yawa mai hasumiya ba shi da na'urar hango jirgi daga nesa; abin dogararsa rediyo, agogo, da maganar matuƙi. Kafin tashi matuƙi yakan ba da takardar tafiya: inda za shi, lokacin isa, sa'o'in da mansa zai kai, da yawan rayukan da ya ɗauka. Idan minti 30 suka wuce lokacin da ya faɗa ba a ji ɗuriyarsa ba, sai a shiga matakin shakka, daga nan faɗakarwa, sannan a tashi masu ceto. Saboda haka matuƙin da ya sauka lafiya a wani fili na ƙasa, ya mance bai sanar ba, yana iya hana mutane barci a banza.

Ƙaramin matuƙi da ido yake tafiya, yana bin kwaltar RN1 da garuruwan da ke bakinta, kuma ƙa'ida ta neme shi da ganin nisan kilomita 5. A watannin hunturu, in hazo ya rufe Gobir da Katsinar Maraɗi, sai a wayi gari shafin ƙananan jirage babu ko layi ɗaya, alhali manya masu tafiya da na'ura suna wucewa can bisa ƙura.